Tumatirin da Ya Ƙi Mutuwa

A gida Auta ake ce mata, ita ce ta takwas, kuma tun tana 'yar mitsitsiya aka lura ba ta sha'awar abu mai kyau. In aka kawo kwandon lemo, yayyenta su yi wawar masu sheƙi, ita kuwa ta tona har ƙasa ta zaro wanda ya ruɓe ya yi gashi, ta koma gefe tana jujjuya shi kamar an ba ta agogo. Inna ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta kai ƙara wurin uban. Shi kuma ya ce a ƙyale yarinya, ai ba ci take yi ba, kallo take. Kallon nan shi ya kai ta har kwalejin aikin gona, inda ta zauna ita kaɗai mace cikin maza arba'in da ɗaya, ta fito da takardar da ke cewa ta san cututtukan shuke-shuke.

Ranar da ta kawo takardar gida, Inna ta riƙe ta da hannu biyu ta ce, "Yanzu Auta, shuka ma ciwo take yi?"

"Sosai ma, Inna."

"To allura kike musu, ko gado ake ba su?"

Unguwa dai ta ji kalmar cuta ta ƙarasa sauran da kanta. Mako guda mata suna sallama da jarirai masu tari, Auta tana ba su haƙuri, har suka gaji suka raɗa mata Likitar Ganye. Da tsiya aka sa sunan, amma ya bi ta.

Aiki ta samu a tashar binciken aikin gona da ke bayan gari. Kafin ita babu macen da ta taɓa sa farar rigar aiki a wurin, saboda haka wadda aka ba ta ta wani ƙaton mutum ce da ya yi ritaya, sai ta naɗe hannun sau uku kafin yatsunta su leƙo. Ofishinta tsohon sito ne na taki, taga ɗaya, da tebur mai ƙafa uku da bulo a madadin ta huɗun. Darakta, mutum mai nakatayi a wuya da fanka biyu a ofis, ya karɓe ta da fara'a irin wadda ake yi wa baƙon da aka san ba zai kwana ba. Ya ce gwaji ne na shekara ɗaya. In shekara ta cika, kwamitin mutum uku zai zo daga hedikwata. In ta nuna musu abin kirki, aiki ya tabbata. In ba haka ba, akwai kujera a ɗakin buga takardu, inda a cewarsa hannun mata ya fi kyau. Bai faɗa ba, amma ta gane cewa in ta koma kan kujerar nan, za a daɗe ba a sake naɗe wa wata mace hannun riga a tashar ba.

A shekarun nan wani ciwo ya addabi masu noman tumatir. Shuka tana tsaye shar, ta fara fure, sai kawai ta yi yaushi ta langaɓe, ba tsutsa ba ƙwaro. Darakta ya shekara tara yana rubuta cewa manoma ne ke cika ruwa, manoman kuma sun shekara tara suna rage ruwa, tumatir yana ci gaba da mutuwa da ƙishirwa a kan ciwonsa. Auta ta yi wata biyu tana bin gonaki da wuƙa. Duk karan da ta tsaga sai ta ga cikinsa ya yi ruwan ƙasa. Da ta sa a madubin likita mai ƙara girman abu sai ta ga wasu siraran zare na fumfuna sun toshe hanyar da ruwa ke bi ya hau ganye. A ganinta fumfunar a ƙasa take, ta saiwa take shiga.

Sai dai a wannan sana'a gani da ido bai isa ba. Dole ka ciro fumfunar daga shukar da ba ta da lafiya, ka rene ta ita kaɗai a 'yan farantan gilashi masu murfi, sannan ka sa wa lafiyayyar shuka, ka ga ko ciwon nan dai zai kama ta. A gefe kuma ka ajiye wasu da ba ka taɓa ba, don a gwada. A taƙaice, aikin da zai tsayar da Auta a tashar shi ne ta samu lafiyayyen tumatir ta kashe shi a gaban shaidu.

Fumfuna tana son ɗumi, siton Auta kuwa sanyi ne da shi kamar randa, ga ɓeraye. Sai ta riƙa kai farantan gida tana jerawa a kan kabad ɗin kicin. Wata biyu tana reno, ta ware wannan, ta zubar da wancan, har ta samu faranti goma sha biyu da fumfuna fara sol mai ɗan ja-ja a tsakiya, abin sha'awa ga mai sha'awar irin wannan. Wata ranar Talata ta dawo daga aiki ta tarar da su a kife a kan tire, suna ƙyalli.

"Sai da na sa toka," in ji Inna, tana goge hannu. "Shekara nawa kika yi a makaranta, amma ba a koya miki wanke kwano ba? Wace irin ƙazanta ce wannan, har gashi ya fito? In baƙi suka shigo fa?"

Auta ta zauna a bakin ƙofa ta yi kuka wiwi, Inna tana tsaye tana mamakin 'yar da ake yi wa wanke-wanke ta saka da hawaye. Aka sake daga farko, wannan karon a cikin akwati mai kwaɗo. Kafin fumfuna ta sake kamawa, rabin shekara ya tafi.

Yanzu sai maganar Baba Mai Lambu, wanda ke kula da ɗakin gilashi inda ake renon dashe. Gajeren dattijo ne mai malafa, shekararsa talatin da ɗaya a tashar, kuma abin alfaharinsa a duniya guda ne: shuka ba ta taɓa mutuwa a hannunsa ba. Ma'aikata na cewa ko sandar da ya soka don ɗaure wake tsiro take yi. Yana gaisawa da dashe da safe, yana yi wa masu ƙiwa faɗa. Tun ranar farko ya ɗauki Auta 'ya, don ita kaɗai ce cikin masu farar riga take gaishe shi kafin ta ba shi aiki.

Ta jera tukwane sittin, talatin a dama, talatin a hagu, kowace da lambarta a jikin tsinke. Na dama ta tsoma saiwarsu a ruwan fumfuna kafin ta dasa, na hagu a ruwa zalla. Ta ce, "Baba, ruwa kawai za ka riƙa ba su, gwangwani ɗaya ɗaya. Kada ka yi musu komai."

"An gama, 'yata."

Iyakar bayanin da ta yi masa ke nan, kuma a nan laifinta yake, gaskiya ɗaya ce. Masu ilimi suna da wannan ɗabi'a: su yi wa takarda bayani shafi goma, su yi wa mai riƙe da gwangwanin ruwa kalma biyar.

Ciwon yana bayyana ne cikin mako uku. Mako uku ya cika, layin dama shar. Mako biyar, layin dama ya fi na hagu tsayi. Ta ce ƙila fumfunar ce ta yi rauni, ta sake dasa wasu sittin, ta ninka ruwan fumfunar. Waɗannan har fure suka yi. Karo na uku ta yanka bakin saiwar da almakashi don ta buɗe wa ciwon ƙofa, ta jiƙa su minti talatin, abin da ko itacen kirki aka yi wa sai ya ji a jikinsa. Tumatir ya ce bai san zancen ba. Darakta ya riƙa zagayowa da baƙi yana nuna musu.

"Malama ta zo neman cuta ta gano mana taki," yakan ce. "Ki zuba mana a kwalba mu raba wa manoma."

Baƙi su yi dariya, ita ma ta yi yaƙe. A zuci kuwa tsoro ne ya kama ta, ba na ɗakin buga takardu kaɗai ba. Ta fara zargin idonta, idon nan da ta dogara da shi tun tana tonon kwandon lemo. Ta rame, hannun riga ya koma naɗi huɗu.

Abin da ya cece ta shi ne ba ta gajiya da rubutu. Kowace yamma tana ƙirga ganyen kowace shuka ta rubuta. Wata safiya ta duba littafin ta ga lamba goma sha bakwai jiya ganyenta bakwai, biyu sun fara rawaya. Yau ganyenta goma sha ɗaya, duk kore, har da ɗan fure. Ta ƙirga sau uku. Ko takin Darakta ba zai yi wannan ba. Da yamma ta ɗauki alƙalami ta ɗiga tawada a bayan ganyen wasu uku da suka fara sunkuyar da kai. Washegari su ukun suna tsaye ƙyam, babu tawada.

Rana ta gaba ta riga mai shara zuwa, ta laɓe bayan tankin ruwa. Ba a jima ba sai ga Baba Mai Lambu yana turo baro an rufe da buhu. Ya duba gabas ya duba yamma, ya shiga ɗakin gilashi, ya bi layin dama yana taɓa ganye. Duk wadda ya ga ta yi laushi sai ya ɗauke tukunyar, ya ciro sabuwa daga baro ya ajiye, ya zare tsinken lamba ya soka mata, ya gyara ƙasar da yatsa.

"Baba!"

Dattijo ya zabura, malafa ta faɗi. Ya tsaya da tukunya a hannu ya yi tsuru-tsuru.

"Tun yaushe?" in ji Auta.

"Tun na farkon," ya ce a hankali. "'Yata, kada ranki ya ɓaci. Shekarata talatin da ɗaya a nan. Duk wanda aka ƙara wa girma, wanda gonarsa ta fi kore ne. Wanda tasa ta bushe, ba ya kai baɗi. Na ga naki suna mutuwa, na ji an ce masu dubawa za su zo. Na ce ina raye ba za a yi wa yarinyar nan dariya ba. Ban faɗa wa kowa ba, wallahi ko matata."

 Faɗan da Auta ta tanada ya ƙi fitowa, don mutumin nan wata biyar yana sammako yana ruguza mata aiki saboda ƙauna. Da ƙyar ta ce, "Waɗanda ka ɗauke suna ina?"

Sai ya sunkuyar da kai. Ya ja ta bayan ɗakin ajiyar kayan aiki, inda ya yi 'yar rumfa da zana. A ƙarƙashi tukwane ne jere, sun fi tamanin, kowace da busasshen kara a langaɓe.

"Na yi musu duk abin da na sani," ya ce. "Na canja ƙasa, na ba su inuwa, na ba su taki da cokali. Ko ɗaya ba ta tashi ba. Ina jin hannuna ne ya mutu, tsufa ya zo."

Ta tsuguna ta tsaga kara ɗaya, ruwan ƙasa. Ta tsaga na biyu, na biyar, na goma. Sai ta miƙe ta daka tsalle, farar riga na lilo.

"Alhamdu lillahi! Sun mutu! Baba, duk sun mutu!"

Baba Mai Lambu ya ja da baya taku biyu. Daga baya ya ce a lokacin ya tabbata karatu ya taɓa ta.

A kan kifaffen bokiti ta zaunar da shi ta yi masa bayanin da ya kamata ta yi tun wata biyar da suka wuce. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wato da gangan kike sa musu?"

"Da gangan."

"Kuma albashi ake ba ki?"

"In sun mutu a gaban kwamiti, za a ci gaba da ba ni. In ba su mutu ba, na tafi buga takardu, manoma kuma su ci gaba da asara."

Gawarwakin bayan rumfa ba za su zama shaida ba, don babu lamba, babu rubutu. Sai an sake, ga shi saura kwana ashirin da shida kwamiti ya zo, ga shi dashe kafin ya isa tsomawa sai ya yi wata guda. A nan Baba ya yi gyaran murya, ya ce akwai wata rumfar. Ashe don ya riƙa samun na canji, ya daɗe yana renon dashe a ɓoye, kashi kashi, kowane da kwanakinsa. Akwai sittin da huɗu daidai tsomawa a ranar.

Shi ya riƙe kwanon ruwan fumfuna, fuskarsa a juye, tana tsomawa yana ba kowace haƙuri. Makonnin da suka biyo baya sun fi duk shekarunsa wuya. Auta ta sa wa baro sarƙa da kwaɗo, ba don ba ta yarda da shi ba, shi ya roƙa. Yakan zuba gwangwani ɗaya ɗaya, ya haɗa hannu a baya ya fita da sauri. Kwana goma shiru. Kwana goma sha huɗu shiru, Auta ta daina cin abincin rana. Ranar kwana goma sha shida aka ƙwanƙwasa ƙofar sito. Baba ne, malafa a ƙirji.

"'Yata, sai haƙuri. Lamba tara ta kwanta."

Ta so ta yi guɗa, ta dubi fuskarsa ta danne, ta ce Allah ya ba mu haƙuri.

Kwamiti ya zo ranar Alhamis, mutum biyu masu jaka da wani tsohon farfesa mai kaurin tabarau. Aka buɗe ɗakin gilashi. Layin hagu talatin tsaye shar. Layin dama ashirin da takwas a kwance, biyun da suka rage suna kan hanya. Darakta ya gyara nakatayi ya ce abin a bayyane yake, an cika wa na dama ruwa.

"Wa ke ba su ruwa?" in ji farfesa.

Aka kira Baba. Da ya ji abin da aka ce, sai ya manta da wa yake magana.

"Ranka ya daɗe, ni zan cika wa shuka ruwa? Ni? Ga gwangwanin nan, ɗaya da safe ɗaya da yamma, dama da hagu, ko ɗigo ban bambanta ba. A tambayi kowa a tashar nan. Ba ruwa ne ya kashe su ba. Mu muka kashe su, ni da yarinyar nan, ni na riƙe kwanon."

Farfesa ya karɓi wuƙa ya tsaga kara uku na dama, uku na hagu. Ya bi Auta sito, ya zauna a gaban tebur mai bulo, ya daɗe a kan madubi, ya karanta littafinta shafi shafi. Da ya ɗago sai ya tambayi Darakta ko tashar ba ta da wani ɗaki ne mai taga biyu.

Aiki ya tabbata. Shekara talatin da uku ta yi a tashar. Ita ta koya wa manoma su daina maimaita tumatir a fili ɗaya, su ƙone wanda ya kamu maimakon su binne, su gasa ƙasar reno kafin su zuba iri. Bayan tumatir ta bi ciwon albasa, ta bi na wake. Mata goma sha ɗaya suka koyi aikin a hannunta, kuma doka ta farko da take ba kowace ita ce ta je ta zauna da masu lambu ta gaya musu abin da take nufin yi, dalla-dalla, kafin ta taɓa tukunya. Ta yi aure, ta haifi uku, mijinta ya koyi tambaya kafin ya buɗe duk wani abu mai murfi a gidan.

Amma a watan farko bayan kwamiti, da ta zauna rubuta sakamakon don a buga a mujallar masana, sai ta je lambu da takarda. Ta tarar da Baba yana ɗaure wake. Ta ce a ƙarshen irin wannan rubutu akan yi godiya ga wanda ya taimaka, kuma tana so ta sa cikakken sunansa, don ba don dashensa ba da yanzu tana buga takardu.

Ya ajiye igiya. "Su wa za su karanta?"

"Masana, har na ƙasashen waje."

"Kuma za a rubuta cewa sun mutu?"

"Ai shi ne labarin, Baba."

Ya cire malafa ya share goshi, ya dubi wakensa, ya dube ta.

"'Yata, na yi miki don ke ce, kuma in an sake zan sake. Amma ki rufa mini asiri. Ina da jikoki."